Wayar Wa Za Ta Yi Ƙara?

Duk hutun Sallah idan na zo gida Matazu, ba na rasa baƙi bayan La'asar. Yaran unguwa ne da suka zama samari da 'yan mata, wasu suna jami'ar Dutsin-Ma, wasu suna ta Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, wasu kuma sun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023, suna koyon rubuta manhaja da 'yar kwamfutar aro. Sai a shimfiɗa tabarma a zaure, a buɗe laftof, a nuna mini abin da aka gina. Wannan ta makaranta ce, tana fitar da sakamakon ɗalibai. Waccan ta kemis ce, tana ƙirga magani. Zaman yana yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai kusan kullum tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: "Yaya, wane yare ya fi? Me ake yayi yanzu?"

Ni kuma sai in mayar musu da tawa: idan abin nan ya tsaya ranar jajiberin Sallah, shekara uku nan gaba, wayar wa za ta yi ƙara?

Sukan yi dariya, su ɗauka zolaya ce. To ƙannena, maza da mata, da gaske nake. Da wannan tambayar nake yanke kusan kowace shawara a aikina yanzu, kuma ban same ta a aji ba. Wahala ce ta koya mini.

A 2020 na yi wa wani Alhaji a Malumfashi aiki. Dillalin taki ne da iri da maganin feshi, yana da shago uku. Da damina yakan ba manoma kamfa da yuriya bashi, da kaka su biya shi da buhunan masara ko waken suya. Littattafansa sun yi masa yawa, yaran shago suna rikita lissafi, sai ya nemi a sa masa komai a kwamfuta. Na gina masa abu mai kyan gani. Bayanan duka na ɗora su a kan wata saba da ke ƙasar waje, kowane shago yana shiga ta intanet, shi kuma Alhaji ko yana ina zai ga cinikin ranar a wayarsa, har da zane mai launi da ke hawa yana sauka. Ranar da na miƙa aikin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, idan babu sabis fa?" Na ce, "Haba Alhaji, sabis ai yanzu ya zama kamar iska." Har yau idan na tuna wannan amsa sai in ji kunya ta rufe ni.

Watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Funtua da Bakori da Malumfashi duk suna ciki. Ba kira, ba tes, ba data, kuma ga kaka ta ƙarato, lokacin da manoma ke fara kawo biyan bashi. Ina Kano a lokacin. Wata ranar da hantsi sai ga yaron Alhaji a ƙofar ofishina, ya biyo motar Dayi da Gwarzo, ƙura har a gashin ido, yana rungume da jakar bakko. Ya zaro laftof ɗin shago a nannaɗe cikin zani, ya ajiye a gabana a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce, "Alhaji ya ce a gaishe ka, ya ce don Allah a ciro masa sunayen masu bashi daga ciki." Na rasa yadda zan yi masa bayanin cewa babu komai a cikinta, cewa abin da ya ɗauko tun daga Malumfashi taga ce kawai, ɗakin yana can ƙetaren teku.

Na buga masa jerin a takarda ya koma da shi. Suka koma littafi da biro har wajen ƙarshen shekara da aka fara dawo da sabis. Daga nan na kwashe makonni ina shigar da abin da suka rubuta da hannu, shago uku, rubutu iri uku, wani shafin ma ruwa ya taɓa shi. Aka sami manomin da ya rantse ya kawo buhu huɗu, littafi bai nuna ba, kwamfuta ba ta sani ba. Alhaji ya yafe buhunan. Bai ce mini komai ba, sai dai kallon da ya yi mini ya fi faɗa ciwo. Bayan nan na yi wata shida duk lokacin da sunansa ya fito a wayata sai gabana ya faɗi.

Ku riƙe wannan faɗuwar gaban, domin ita ce ma'aunin da nake son ba ku. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san hanyar da ta dace tun farko: a ajiye bayanan a cikin kwamfutar shagon, idan sabis ya zo su tura kansu sama. Ba sabon ilimi ba ne. Masu aikin rigakafi da ƙidaya sun daɗe suna shiga ƙauyukanmu da ODK da KoboToolbox a wayoyinsu, su cika fom a inda babu ko sanda ɗaya ta sabis, su tura idan sun dawo gari. Amma wannan hanya za ta ƙara mini kamar mako uku, ga ciwon kan daidaita lissafi idan shago biyu suka taɓa asusun mutum ɗaya. Na guje wa wahalar mako uku, na saya wa kaina fargabar wata shida.

Kada ku ce ai wancan katsewa ta musamman ce, ba za a sake ba. Ranar 14 ga Maris na 2024, muna cikin azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, bankuna suka rikice, tiransifa ta maƙale tun daga Legas har nan. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, kun ga yadda manhajojin bankuna suka riƙa durƙushewa da jama'a suka yi musu yawa. Wanda zai gina wa mutumin Matazu ko Musawa abu, ya gina shi da sanin cewa wuta za ta ɗauke, sabis zai tafi, wayar kuma ƙarama ce mai cike da hotuna.

Yawancin abin da ke hana mai manhaja barci ma ƙanana ne, irin waɗanda ake yanke su cikin minti ɗaya ba a ko lura ba. Lambar waya, misali. Sabon hannu yakan ajiye ta a matsayin adadi, tunda lambobi ne. Sai kwamfuta ta cinye sifirin farko, 0803 ya koma 803, saƙon da za a tura wa iyayen yara ya ƙi tafiya. BVN da NIN kowacce lamba 11 ce, alhali gurbin adadi na yau da kullum a rumbunan bayanai da yawa ba ya wuce 2,147,483,647, wato lamba goma. Duk abin da ba za ka tara shi ko ka ɗebe shi ba, ajiye shi a matsayin rubutu. Kuɗi kuma ka ƙirga su da kwabo, cikakken adadi, domin idan ka buɗe Python ko JavaScript ka ce ya tara 0.1 da 0.2, amsar da zai ba ka ita ce 0.30000000000000004. Wannan 'yar ƙurar ba ta komai a rasit ɗaya, amma a ƙarshen shekara za ka kwana kana neman naira uku da ta hana lissafi daidaita.

Sai sunayenmu. Waɗanda suka rubuta darussan da kuke koyo da su ba su san Asma'u da Mu'azu da Sa'adatu ba. Wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta isa ta karya umarnin da kuke aika wa rumbun bayanai, idan kuna liƙa rubutun mutum kai tsaye a cikinsa. Ranar da manhajarka ta faɗi saboda an rubuta Isma'il, ka gode wa Allah, domin ta nuna maka ƙofar da ɓarawo zai bi ya kwashe komai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ƙ da ɗ da ɓ: idan ba ka saita komai a kan UTF-8 tun ranar farko ba, wata rana za ka ga Ɗanladi ya koma alamar tambaya a katin sakamako. Kada kuma ka yarda ka bambance mutane da suna kawai. A aji ɗaya na firamare za ka iya samun Aisha Abubakar uku. Ni da kaina na taɓa kafe wa manhaja cewa buhu tiya arba'in ne, na binne adadin a wuri goma sha, sai ga kwastoma da nasa buhun da tasa tiyar. Kwana biyu na yi ina tono.

Yanzu bari in koma kan tambayarku ta abin da ake yayi. Wani injiniya mai suna Dan McKinley ya yi rubutu a 2015 yana ba da shawarar a zaɓi fasahar da ta gundure mutane. Hujjarsa ita ce tsohon kayan aiki an riga an san ta inda yake lalacewa, sabo kuwa kai ne za ka gano. Mu a nan mun riga shi sani, da tsohuwar zuma ake magani. Ku dubi SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000. Rumbun bayanai ne da ke zaune a fayil guda, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, ba ya buƙatar saba, kuma masu kula da shi sun bayyana niyyar ci gaba da riƙe shi har 2050. Shagon taki mai kwastoma dubu biyu bai fi ƙarfinsa ba ko kusa. Amma sai in ga yaro ya rarraba manhajar makaranta mai ɗalibai ɗari uku gida bakwai, kowane yanki da sabarsa, wai haka Netflix ke yi. Netflix na da dubban injiniyoyi masu karɓar juna dare da rana. Kai kuwa kai kaɗai ne, ga janareta na jiran mai.

Ban ce kada ku koyi sabon abu ba. Ku koya, ku yi wasa da shi a aikin kanku, ku fasa ku gyara. Gonar gwaji daban, gonar da gida zai ci daban. Babu manomin kirki a ƙasar Funtua da zai shuka irin da bai taɓa gani ba a duk gonarsa shekarar farko. Yakan ware kunya biyar a gefe ya ga yadda za ta kaya.

Kowane abu da ka jingina da shi kuma, ka tambayi kanka na wane ne, da wane kuɗi ake biyansa. Yara da yawa sun ɗora ayyukansu a Heroku don kyauta ne, sai kamfanin ya rufe tsarin kyautar a ranar 28 ga Nuwamba na 2022. Masu biya da dala kuma sun ga ta kansu: kafin Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu na 2024 ta kai kusan 1,500. Sabar da kake biya wa dala 50 a wata ta tashi daga wajen naira dubu 23 ta koma kusan dubu 75, alhali ka riga ka yi ciniki da mai makaranta a kan naira, shi kuma kuɗin makarantarsa bai ninka uku ba. Wa zai cike giɓin? Kai, daga aljihunka, ko kuma ka shiga ɓuya idan ka hango shi a wurin ɗaurin aure.

Akwai kalmar da za ku riƙa ji a wannan sana'a, wato bashin fasaha. Ward Cunningham ne ya kawo kwatancen a 1992: idan ka yi aikin gaggawa don ka fita kasuwa da wuri, tamkar ka ci bashi ne, kuma kowace ranar da ba ka gyara ba kuɗin ruwa na hawa. Mutane sukan ɗauka nufinsa kada a ci bashin sam. Ni ban fahimce shi haka ba, kuma ɗan manomi bai kamata ya fahimce shi haka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya karɓi taki a Yuni ya san zai biya a Nuwamba, ya san buhu nawa, ya yi dabara. Wanda ke cikin hatsari shi ne mai karɓa nan da can bai rubuta ba, har ya manta wa ke binsa. Idan za ka yi ha'inci a wani lungu na aikinka don jarrabawa ta matso kuma dole sakamako ya fita, yi, amma ka rubuta a fili cewa nan akwai bashi, ka sa masa ranar biya.

Bashin da aka manta shi ne mai kisa. Kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari, ya bar wani tsohon yanki na manhajarsa da aka daina amfani da shi shekaru da dama, ba a goge ba. A ƙarshen Yuli na 2012 suka sa sabon aiki a kan sabobinsu takwas, bakwai suka samu, aka tsallake ɗaya. Ranar 1 ga Agusta wannan ɗayar ta tayar da tsohon yankin daga kabari, ya shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 suka yi asarar fiye da dala miliyan 400. Abin da na ɗauka daga labarinsu guda biyu ne: abin da ya mutu a goge shi, kuma aikin da hannu ke maimaitawa sau takwas wata rana hannu zai yi bakwai.

Kan ajiyar kwafi ba zan ja ba, don kowa ya san ya kamata, kowa kuma yana cewa gobe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, zato ne kawai. A ƙarshen Janairu na 2017 wani injiniyan GitLab, cikin dare da gajiya, ya goge rumbun bayanansu na ainihi bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, da aka duba babu wadda ke aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan. Kakata takan sa a buɗe rumbu lokaci-lokaci ta zura hannu ta damƙo dawa ta duba, ko da ba a buƙatar ɗiba, don ƙwaro ba ya sallama. Ni ma ranar Asabar ta farkon kowane wata nakan ɗauko kwafin kwastoma ɗaya in dawo da shi a wata kwamfuta dabam in ga ko zai tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da za ka saki gyara ma shawara ce. Ranar Juma'a ce, 19 ga Yuli na 2024, kamfanin CrowdStrike ya tura wani gyara da ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows wajen miliyan takwas da rabi a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Nawa dokokin na gida ne: ba na taɓa manhajar shago daren kasuwa, ba na taɓa ta makaranta makon da za a ba da sakamako, ba na sakin komai da safiyar Juma'a ko goman ƙarshe na azumi. Idan gyaran zai iya jira har Litinin, to ya jira.

Mafi nauyin duka kuwa ba a cikin kwamfuta yake ba. Yana cikin bakinku, a kalmar "ba matsala". Mu mutanen kunya ne. Kawu zai ce a ƙara masa 'yar aba kaɗan, ka ce ba matsala. Hedimasta zai ce a gama kafin Litinin, ka san ba zai yiwu ba, ka ce in sha Allahu, kana nufin a'a, shi kuma ya ji i. Kowace "ba matsala" da ka faɗa don ka tsira daga nauyin minti biyu, za ta dawo maka da nauyin watanni. Ka koyi cewa, "Ranka ya daɗe, wannan zai yiwu, amma zai ɗauki mako uku, kuma ga kuɗinsa." Ka rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai ko da a takarda ɗaya ce, ko da da ɗan'uwanka ne, musamman ma da ɗan'uwanka. Ka faɗa tun farko cewa manhaja kamar babur take, tana son sabis duk shekara kuma ana biya. Wanda ya sayar da aiki sau ɗaya ya ɗauki kulawar har abada kyauta, ya mai da kansa bawa da hannunsa.

Kada kuma ka riƙe makullai don a riƙa nemanka. Na san masu yin haka, suna ganin wayo ne: sunan shafin intanet da sunansu, kalmar sirri a kansu kaɗai, babu bayanin komai a rubuce. Igiya ce mai baki biyu, yadda ta ɗaure kwastoma haka ta ɗaure ka. Ba za ka yi jinya cikin natsuwa ba, ba za ka tafi Umara ka kashe waya ba, ke kuma ba za ki yi jego a huce ba. Ka yi rajistar komai da sunan mai abu. Ka rubuta shafi biyu da Hausa mai sauƙi: idan ta ƙi buɗewa a yi kaza, kwafi yana wuri kaza, ga yadda ake sa ta a sabuwar kwamfuta. Ka rubuta kod ɗinka yadda wanda zai gaje ka zai karanta ba tare da ya tsine maka ba. Sau da yawa ma magajin kai ne, bayan shekara biyu, ka manta komai.

Wani zai ce wannan ai koyar da tsoro ne, ko lalaci. Duba da kyau, kusan duk abin da na lissafa ƙarin aiki ne a yau. Tsoron ma yana da nasa tarkon: na ga wanda ya shekara yana shirya manhaja don ranar da za ta sami mutum miliyan, har mai aikin ya gaji ya koma Excel. Shi ma bai yi barci ba. Tambayata ta wayar wa za ta yi ƙara ba ta ce ka toshe kowace ƙofa ba. Cewa ta yi ka dubi abin da zai iya faruwa a nan inda kake, ga wannan mutumin da ke gabanka, ka auna wanne ne zai tashe ka tsakar dare, wanne ne zai iya jira gari ya waye.

Alhajin Malumfashi bai kore ni ba, Allah ya saka masa. A 2022 na sake gina masa aikin daga tushe, ban karɓi ko kwabo ba. Yanzu kowane shago yana da fayil ɗinsa a cikin kwamfutarsa, idan sabis ya samu su daidaita da juna, duk yamma kuma firinta na fitar da jerin bashin ranar a sa a cikin fayel na kwali. Zanen nan mai launi na cire shi, ashe bai taɓa dubawa ba. Rabon da ya kira ni kan matsala tun bara da kaka, shi ma ɓera ne ya ci wayar firinta. Da ƙaramar Sallah ya aiko mini da zabi biyu ta hannun yaron nan mai jakar bakko, wanda yanzu shi ke dawo da kwafin ajiya da kansa duk farkon wata, ya turo mini hoton allon ta WhatsApp.